Rigar da Aka Saƙa wa Kwalba

Ozella Pruitt ba ta taɓa ganin teku ba sai da ta haura shekara arba'in. A gonar auduga aka haife ta, can cikin tuddan arewacin Alabama, a nan ta yi aure, a nan ta binne mijinta. Da yaƙi ya ɓarke, aka ji ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta garin Mobile tana ɗaukar kowa har mata, sai ta sayar da alfadarinta, ta ɗaure tukwanenta a bayan motar maƙwabci, ta gangaro bakin ruwa. Aka koya mata walda, hannunta kuwa ya karɓa.

Gari ya cika ya batse, ko akurkin kaji ba a samu haya. Sai gwamnati ta share fili a bayan ma'aikata, ta jera mana ɗakunan kwano masu taya waɗanda ake ja da mota, muna ce musu tirela. Da an ajiye ɗaya sai a kwance tayoyinsa a koma jawo wani, a bar shi zaune kan tubala. Ciki akwai risho, da gadon da ake naɗewa da safe ya zama kujera. In kana kwance kana iya miƙa hannu ka sauke tukunya. Wurin wanka da wanki guda ne a tsakiyar sansani, kullum da layi, kuma a layin nan ake jin wanda ya zo, da wadda ta haihu, da wanda aka kora. In ruwa ya sauka, sai mu bi kan katakai kamar masu tsallake rafi.

Abin da aka fara sanin Ozella da shi zomo ne. Nama ya yi wuya saboda yaƙi, ita kuwa tana kafa tarko a jejin bayan sansani. In ta kama, sai ta ɗan tsaga fatar a wuya, ta ja sau ɗaya, fatar ta zame kamar an cire safa. Mata har taruwa suke yi kallo.

"Yaya Ozella, Allah ya sa kar mijina ya taɓa ɓata miki rai," in ji Verlie, maƙwabciyarta, mace mai jiki da baki, wadda mijinta ke tuƙa ƙugiyar ɗaga ƙarfe.

"Naki ai ba shi da naman da za a wahala a kansa," in ji Ozella.

A al'ada, duk jirgin da aka gama, mace ce ke fasa masa kwalbar giya mai kumfa a hanci, ta ambaci sunansa, sannan a sake shi ya gangara ruwa. Matan manya ke yi, da safar hannu da furanni. A bazarar nan sai aka ce a jefa ƙuri'a cikin mata masu walda. Shugaban aikinsu, Mista Gaskins, ya tura hannu cikin hular walda, ya zaro sunan Ozella.

Kafin ta iso gida labari ya riga ta. Sansani ya ɗauka kamar biki. Wannan ta kawo rigar cocinta shuɗiya, waccan ta kawo takalmi mai tsini, wata ta ce gashin Ozella nata ne, kar wadda ta taɓa. Har masu aikin dare, da ke zagin duk wanda ya yi tari da rana, suka fito da idanu jajur suna yi mata barka.

Ozella kaɗai ba ta dariya sosai. Ɗanta guda, Doyle, a irin waɗannan jiragen dakon kaya yake aiki. Bara jirgin ƙarƙashin ruwa ya nutsar da nasu, shi da mutum kaɗan suka tsira a kan katako. Da ya zo ganinta ya ce mata tsofaffin matuƙa sun daɗe suna faɗin jirgin nan ba zai yi ƙarko ba, don ranar da aka sake shi kwalbarsa ba ta fashe ba.

"Camfi ne," ta ce wa Verlie. "Na san camfi ne. Amma 'ya'yan mutane za su hau shi, kuma za su tambaya."

Don haka kullum in ta taso aiki sai ta cika tsohuwar kwalba da ruwa, ta tsaya gaban ƙarfen jan tirelarta, ta maka. Mace ce da ta yi shekaru tana faskare. Ko ɗaya ba ta tsira ba, har kwalabe suka ƙare a layinmu.

Saura abu guda. Ana sa wa kwalbar 'yar riga ta raga don kada gilas ya yanki mai fasawa. Verlie ta je ta tsare Mista Gaskins, ta ce tunda tamu ce za ta fasa, mu za mu yi rigar. Ya ce su yi abin da suka ga dama, su bar shi ya yi aiki. Babu ulu a kanti, sai aka warware tsofaffin rigunan sanyi, ja da fari da shuɗi. Kowace mace ta ce sai an sa layinta. Wadda ta zo a makare, sai a ɗora nata a kan na wata.

"Ba ta yi kauri ba kuwa?" in ji Ozella, tana juya ta.

"Hannun mai walda ne fa," in ji Verlie. "In ya yanke, da haƙori za ki riƙe wutar? Miƙo nan in ƙara mata shafi a ciki."

Ranar ta zo da rana tas. Tutoci ko'ina, 'yan badujala na ta busa, ma'aikata sun ɗare kan kowane tsani da kowane rufi. Matan sansani sun yi gungu a gaba, Verlie na daka wa mutane gwiwar hannu. Ozella ta hau dandamalin katako cikin takalmin aro da ke cizon ta, hancin jirgin a gabanta kamar dutse, kwalbar na lilo a ƙarshen doguwar igiya da aka ɗauro daga can saman jirgin. Cikin rigarta ta yi ƙatuwa kamar kabewa. Mista Gaskins ya kalli kwalbar sama da ƙasa. A ƙasa ana ta buge katakan da suka tokare jirgin, mutum biyu kuma na yanke ƙarfen ƙarshe da ke riƙe da shi da wuta.

"In na ce yanzu, ki faɗi sunan, ki doka," in ji Mista Gaskins. "Jirgi ba ya jiran kowa. Yanzu."

Ta faɗi sunan da muryar da take kiran alfadari daga nesa. Ta ɗaga da hannu biyu, ta maka.

Dum, kamar an doki matashin kai. Kwalbar ta dawo mata lafiya lau.

Ta sake makawa. Dum. Sai jirgin ya yi wani nishi, ya motsa.

Ina tsaye a ƙasan dandamalin, a shekarar na gama kwaleji aka ɗauke ni ofis, kuma har yanzu ban manta shirun nan ba. Masu busa sun sauke kayansu. Tazara ta buɗe tsakanin katako da ƙarfe, igiyar ta fara miƙewa, tana janye kwalbar daga hannunta.

Ozella ta yi watsi da takalman. Ta bi igiyar har bakin dandamali, ta danne kwalbar a ƙirji, ta sa haƙori ta tsinke ƙullin da Verlie ta yi a wuya. Ta ja sau ɗaya. Rigar ta zame daga kwalbar, igiyar ta fizge ta sama kaɗan, sai ɗaurin ya tsinke, rigar ta rage a hannunta. Mista Gaskins ya cafke ɗamararta ta baya don kada ta faɗa, ita kuwa ta karkace ta wurga kwalbar tsirara da iyakar ƙarfinta.

Tas. Kumfa ta yi sama, iska ta dawo da ita ta wanke Ozella daga hula har ƙafa.

Abin da ya biyo baya ba a jin maganar kowa. Jiniyar ma'aikata, ƙahon kowane jirgi a tashar, maza na buga hulunan ƙarfe a jikin tsani. Jirgin ya gangara da baya, ya tsaga ruwa, ya zauna daram. Ozella na tsaye babu takalmi, rigar ulu a hannu, tana kuka tana dariya.

Da yamma kowa ya fito da abin da ke tukunyarsa, wake da burodin masara da soyayyen kifi, aka jera a kan katakai. Ana ta tsokanar ta, ita da ko ɗigon giya bai taɓa shiga bakinta ba, yau tana ƙamshi kamar mashaya.

"Ranar Lahadi ki zauna a baya," in ji mijin Verlie. "Kar fasto ya shaƙa ya manta huɗuba."

Verlie ce kawai ta ƙi fitowa. Ozella ta same ta a bakin gado, ido ya kumbura.

"Na kusa kashe mutane da kirkina," in ji Verlie.

"Matsa in zauna." Ozella ta shimfiɗa rigar kwalbar a gwiwarta, ta tura dunƙulen hannu ciki, ta juya shi. "Ki ɗinke min bakin nan, ki ɗan buɗa ƙasan. Doyle ya ce inda suke bi yanzu sanyi har ƙashi."

"Hula za ki yi da ita?"

"Abin da ya hana ƙarfen jirgi fasa kwalba, ai kan ɗana nake so ya zauna."

Verlie ta ja hanci, ta karɓa, ta ɗaga ta wajen taga tana auna ta da ido.

"Kansa babba ne kamar naki?"

"Ya fi."

"To sai an ƙara layi," in ji Verlie, ta miƙa hannu ta jawo kwandon ulu.