Ranar da na goge manoma uku

Shekarun baya, ina gama karatun kwamfuta na samu aiki a ofishin wata ƙungiyar manoman rani tsakanin Kura da Bunkure. Lokacin ji nake da kaina, gani nake duk ofishin babu wanda ya san kan na'ura sai ni.

Rumbun bayananmu jadawali uku ne haɗe da juna: na manoma, na gonaki, da na rabon ruwa. Daga na ukun ake buga takardar da mai buɗe ƙofar kanal, wato babbar hanyar ruwa, yake bi, duk wanda ba ya ciki ba a sakar masa ruwa. Mai kula da rumbun wata Hajiya ce mai sanyin magana. Kullum bayan la'asar sai ta kwafe komai ta adana kafin ta tashi, ko da harafi ɗaya aka canza. Ni kuwa a raina cewa nake tsoro ne irin na manya.

Wata Litinin ta tafi suna Garun Mallam ta bar mini ofis. Ina cikin bincike na ga suna ɗaya, sunan uba ɗaya, ƙauye ɗaya, har sau huɗu. Na ce yauwa, ga shirmen da aka kasa gani. Na bar ɗaya na goge uku. Kwamfutar ma sai da ta gargaɗe ni cewa gonakinsu da ranakun ruwansu za su bi su, na danna mata e da ƙarfina.

Ashe mutum huɗu ne, kowa da gonarsa. Dangi ɗaya ne da ke ta maimaita sunayen kakanninsu.

Bayan mako guda wani dattijo ya yi sallama, ƙura har gwiwa. Ya ce sau biyu ana sakin ruwa ana tsallake shi, tumatirinsa da ya fara fure ya soma kwanciya, mai ƙofa kuma ya rantse ba ya cikin takarda. Yana faɗin sunansa na gane yana cikin ukun da na goge.

Hajiya ko kallona ba ta yi ba. Ta ba shi kujera, ta buɗe kwafin ranar Juma'ar da ta gabaci ɓarnata. Ba ta maido da komai gaba ɗaya ba, don kada aikin mako guda ya salwanta. Mutum ukun kawai ta tsamo ta lambobinsu, da gonakinsu da ranakunsu. Ta buga sabuwar takarda, ta hau acaɓa ta kai wa mai ƙofa da hannunta.

Da ta dawo ta ce, "Malam, a nan suna na kowa ne. Lambar da ke gefe ita ce mutumin. Gobe ka zo da wuri in nuna maka." Ta cire mini ikon gogewa na wata uku, shugaban ƙungiyar kuma bai taɓa jin zancen ba.

Na yi aiki da ƙwararru bayan nan, amma ban ga mai hannu irin nata ba, kuma har yau da tsarinta nake cin abinci. Abin da bai bar ni ba shi ne dattijon. Kunya huɗu na tumatirinsa ba su tashi ba. Ya ɗauka ni na taimaka aka gyara, duk inda muka haɗu a kasuwar Bunkure sai ya riƙe hannuna yana sa mini albarka. Har ya rasu ban iya buɗe baki na faɗa masa ba.