Ranar da Na'ura ta Bakwai Ta Riƙe Layi

Zoila Chicaiza a gindin dutse ta tashi, a garin da kogi ya raba biyu. Mahaifiyarta na suyar wainar dankali a bakin gada. A gidansu ita kaɗai ta karanci kwamfuta. Da hukumar garin ta kafa na'urori talatin a gaɓar kogi don auna ruwa, Zoila aka ba aikin rubuta manhajar sabar, wato kwamfutar da ke karɓar saƙonsu. Kowace na'ura takan kira, ta faɗi tsayin ruwa, ta katse, ta gaba ta shigo. Haka aka yi shekara biyu lafiya.

Wata Laraba da rana sama ta ɓalle da ruwa. Don Segundo, dattijon da ke kula da jiniyar gargaɗi, ya shigo ofis jiƙe sharkaf.

"Injiniya, me kogin ke ciki?"

"Mita ɗaya, Don Segundo."

"A wannan ruwan? Ko dai kwamfutar taki barci take yi?"

Ta sake duban allo. Minti arba'in ke nan lambobin ba su motsa ba. Da ta bincika, sai ta ga na'ura ta bakwai ta kira, ta riƙe layi, ba ta ce uffan ba. Sabar kuwa ɗaya bayan ɗaya take saurare, sauran ashirin da tara duk suna jira.

Sau biyu tana kuskuren rubutu kafin ta katse ta bakwai. Saƙonni suka kwararo. Can saman kogi ruwa ya haura mita huɗu.

"Buga jiniya, Baba! Buga!"

Dattijon ya fita a guje. Ta kira wayar mahaifiyarta, ba a ɗauka ba. Ta sake kira, shiru. Tana so ta ruga gada, amma tana tsoron wata na'urar ta sake maƙalewa. Ta zauna tana hawaye tana rubutu, ta ba kowace na'ura layinta daban, wadda ta yi shiru daƙiƙa goma a katse ta.

A kira na shida tsohuwar ta ɗauka tana haki. "Ke, ki bar ni in hau tudu mana!"

Ruwa ya tafi da rumfuna goma sha ɗaya, ba a rasa rai ba. Washegari hukuma ta shirya taron yaba wa Zoila. Ba ta je ba, kwana uku ta yi a kwance da zazzaɓi.