Wace Ce Ta Haifi Yayanka? Jinjina ga Anti Kachollom

Duk ranar Talata da Alhamis, tun kafin a buɗe ɗakin taron unguwa da ke bayan kasuwar Stratford a Landan, za ka ga wata mata gajeruwa tsaye a bakin ƙofa, furfura na leƙowa ta gefen ɗankwalinta, jaka a kafaɗa, fulas ɗin shayi a hannu. Idan mai gadi ya buɗe, ba ta fara kunna kwamfuta. Sai ta jera kujeru tukuna, ta matsar da na tsofaffi kusa da hita, ta zuba biskit a faranti. Bayan nan ne take goge tabarau, ta dubi waɗanda suka taru, ta ce, "To, wa ya fi kowa tashin hankali yau? Shi ne farko." Ba ta aiki da layi, fuska take dubawa. Har yau ban ji wanda ya yi ƙorafi ba, domin kowa a cikinmu ya taɓa zama na farkon.

Sunanta Kachollom Dung, 'yar Berom ce daga Vom, kusa da Jos, amma babba da yaro Anti muke ce mata. Ta shigo ƙasar nan da aikin kula da tsofaffi, daga baya ta karɓi wannan teburi na taimakon jama'a, ta riƙe shi sama da shekara ashirin. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki ta koma Filato. Ni ba marubuci ba ne, karatuna bai wuce sakandare ba, amma na kasa barin ta tafi ban ce komai ba.

Ga wanda bai sani ba, a ƙasar nan idan ƙarfin mutum ya gaza, kuma takardun zamansa sun ba shi dama, akwai tallafin da ake ba 'yan haya, akwai kuma rangwamen harajin council, wato na ƙaramar hukuma. Sai dai ba mutum za ka tarar ka yi wa bayani ba. Manhaja ce a waya ko a kwamfuta, ta yi ta jero maka tambayoyi, kana danna eh ko a'a, a ƙarshe ta ce ka cancanta ko ba ka cancanta ba. In ta ce a'a, ba ta jin "don Allah". Aikin Anti shi ne ta zauna kusa da kai, ku koma farko, ku bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya har a gano inda ƙafa ta zame.

Ku tambayi Hajiya Yagana, wadda aka rubuta sunan mijinta marigayi iri uku a takardu uku, har aka ɗauka maza uku ta aura. Anti ce ta yi ta jeka-ka-dawo har aka yarda mutum ɗaya ne, Hajiya na cewa, "Ɗayan ma da ƙyar na iya da shi, ina ni ina uku?" Ku tambayi Adiza, 'yar zangon Kumasi, wadda ta zo da jariri a baya da hawaye a fuska, ta fita tana dariya, bakinta cike da biskit. Amma ni labarina zan bayar, shi na fi sani.

Sunana Ɗayyabu, ɗan Malumfashi. Ina aikin ɗaukar kaya da shirya azuzuwa a wata kwaleji a Bloomsbury. Ni da matata Karimatu da 'ya'yanmu biyu, Zarah da Fa'iz, muna haya a saman benen gidan Alhaji Sanusi, shi da iyalinsa suna ƙasa, ƙofar shiga ɗaya, kicin ɗaya. Tun ranar da na sauka a filin jirgi, sanyi na neman tsinka min kunne, ya zo ya lulluɓa min kwat ɗinsa, ban taɓa kiran sa da wani suna ba sai Yaya.

Bara bayana ya riƙe. Likita ya hana ni ɗaga abu mai nauyi, aikin ya koma rabi, albashi ma ya bi shi. Haya ta fara gagara ta. Yaya Sanusi bai taɓa ɗaga min gira ba, amma na san tasi yake ja, kuma gidan nan bai gama biyan banki ba. Ba zan zauna a kansa ina kallon yana nutsewa saboda kunyata ba. Na fara duba gidaje masu araha a garuruwan da ke can nesa da Landan, garuruwan da ko sunansu ban iya faɗa daidai ba. Zarah na shekarar jarrabawarta ta ƙarshe. Fa'iz kuwa, Hausar da yake ji a wannan kicin ɗin yake jin ta, lokacin da matan gidan ke tuƙa tuwo suna gulmar mazajensu. Ana yi masa magana da Hausa yana amsawa da Turanci, amma dai yana ji. Na tambayi kaina, in na kai shi inda babu mai ce masa "zo nan, ja'iri", me zai rage masa na gida? Ranar da za mu je Malumfashi, da wane baki zai gaida dangi?

Na shiga manhajar neman tallafin haya a wayata. Na amsa komai tsakanina da Allah. Ta fito min da jan rubutu: ba ka cancanta ba. Na sake, na sake, amsa ɗaya. Na daina cin abinci sosai. Karimatu ce ta gaji da ni, ta ce, "Malam, na yi maka booking wajen Anti ranar Alhamis. In ba ka je ba, ni zan je in ce mata tsoron mace kake ji."

Na je. Ina shiga ta ɗago, ta dube ni ta saman tabarau, ta ce wa sauran, "Ku yi haƙuri, ga na farko ya iso. Baban Zarah, zo ka zauna kafin ka faɗi."

Ta juya allon kwamfutar gefe, ta ce kada in dube shi. "Ka ba ni labarin gidanku da Hausa, kamar kana gaya wa innarka."

Na ce, "Haya muke yi a sama, mai gidan yana ƙasa."

"Wa ke da gidan?"

"Yayana."

"Haka ka gaya wa na'urar?"

"Ta tambaye ni ko mai gidan ɗan'uwana ne na kusa, ta kawo uba, uwa, ɗa, brother. Na danna brother."

Ta cire tabarau ta ajiye. "Baban Zarah, na san Alhaji Sanusi. In ya miƙe tsaye, kai a hammatarsa kake. Shi baƙi wulik, kai kamar an wanke ka da madara. Wace ce ta haife shi?"

Na ce, "Mahaifiyarsa mana."

Hajiya Yagana da ke zaune kusa da hita ta tuntsire da dariya har ta ƙware da shayi.

Anti ta ce, "Madalla, mun ci gaba. Kai fa, wa ta haife ka?"

"Tawa."

"Uba ɗaya?"

"A'a, amma babansa da babana sahu ɗaya suke salla, kuma rumfunansu na kallon juna a kasuwa."

"Rumfa dai ba ta haihuwa, ko a Malumfashi ta fara?"

Sai ta yi min bayani a hankali. Ƙa'idar ita ce, in kana biyan haya ga ɗan'uwanka na jini, wanda kuka haɗa uwa ko uba, kuma gida ɗaya kuke zaune, ba a ɗaukar wannan a matsayin haya da za a tallafa. Da zarar na danna brother, na kuma ce muna tare, manhajar ta rufe ƙofa, duk sauran amsoshina ba ta ƙara kallon su ba. Ta mayar da allon gabana, ta kai ni kan tambayar, ta turo min linzamin kwamfutar. "Danna a'a."

Wallahi hannuna ya ƙi. Na ce, "Anti, mutumin nan shi ya yanka ragon sunan Zarah. Ranar da aka bugo min cewa mahaifiyata ta rasu, ban samu zuwa jana'iza ba, shi ya zauna da ni a falo yana karɓar gaisuwa, yana ce wa mutane innarmu ta rasu. Ɗan'uwana na ciki ɗaya yana gida, na yi shekaru ban ga fuskarsa ba sai a waya. Wannan shi ne wanda nake da shi a nan. Yau saboda abin duniya in rubuta da hannuna cewa ba ɗan'uwana ba ne?"

Na ɗauka za ta yi min faɗa, ga mutane na jira. Ta janye linzamin, ta zuba min shayi, na kurɓa.

Sannan ta ce, "Matar da ta raine ni a Vom ba ita ta haife ni ba. Maƙwabciya ce. Ita ta goya ni, ita ta sayar da acca ta sa ni makaranta. Da ta mutu ina nan, na nemi hutun rasuwar uwa a wurin aikina na lokacin, suka ce ita ce ta haife ki? Na ce a'a. Ban je ba. Har yau ban ga kabarinta ba." Ta goge tabarau ɗin da ba su da datti. "Kalmarsu ta brother ƙaramin ɗaki ce, mutum biyu ko uku take ɗauka. Tamu ta ɗan'uwa gida ce har da zaure da tsakar gida. Su jini suka tambaye ka, ba su tambaye ka zumunci ba. A yarensu, eh ɗin da ka danna shi ne ba gaskiya ba. Ka ba su amsar abin da suka tambaya, sauran ka riƙe abinka, ba su da wurin ajiye shi."

Na ce to bari in nemi izininsa. Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Allah na gode maka da ka haɗa ni da Hausawa. Kira shi."

Na kira, na ji ƙarar motoci a bayansa. Na fara kame-kame, ina cewa kada ya ɗauke ta da wata manufa. Ya katse ni, muryarsa har Hajiya Yagana na ji: "Kai Ɗayyabu, saboda wannan ka sa na faka da fasinja a mota? Danna a'a! Danna har yatsanka ya gaji! Kwamfuta ce ta ɗauko ka a filin jirgi? In ka bar gidan nan wa zai riƙa cinye min kilishi?"

Na danna. Jan rubutun ya ɓace, wasu tambayoyin da ban taɓa gani ba suka buɗe. Anti ta bi su da ni har ƙarshe, ta gaya min in kawo yarjejeniyar haya a rubuce da shaidar cewa ina biya ta banki, domin za su so su tabbatar haya ce ta gaske. Bayan 'yan makonni tallafin ya fito. Muna nan a saman benen har gobe. Zarah ta rubuta jarrabawarta a makarantarta. Fa'iz, kwanan baya matar Yaya ta aike shi ɗauko daddawa, ya juyo ya ce mata, "Ina zuwa, Umma," da Hausa, ba wanda ya sa shi. Na shiga ɗaki don kada yaro ya ga idona.

Anti Kachollom, ke ce mai sauraron magana har ƙarshenta. Ke ce kika san cewa in Bahaushe ya ce "yayana" sai an tambaye shi wace ce ta haifa, kuma kika san a yi tambayar ba tare da an ci masa fuska ba. Ke kina zuwa coci ranar Lahadi, amma ke kike tuna mana cewa azahar ta yi, ki nuna mana kusurwar da babu mai wucewa. Kin san ranar da ba a miƙa mana biskit, sai ki ɓoye farantin duk watan azumi, ke ma ki sha shayinki a bayan ƙofa.

Na tambayi Anti me za ta fara yi in ta sauka a gida. Ta ce za ta je kabarin matar nan ta share shi, sannan ta ci gwate mai zafi a kwanon da ba na roba ba, ta zauna a kan dutse ta dubi gonakin dankali har rana ta faɗi. Tana faɗa ina jin ƙamshin ƙasar Malumfashi bayan ruwan farko, ina ganin zauren gidanmu. Na yi mata murna, na kuma ji kishi, ba zan ɓoye ba. Ita ta gama nata zaman, mu namu da saura.

Yanzu kujerar nan za ta zama babu kowa. Ku da Allah ya ba ilimi da harshe biyu, 'yan jami'a da likitoci da ma'aikatan gidajen rediyo da muke haɗuwa da ku a masallacin Regent's Park, ina roƙon ku. Ba sai kun bar aikinku ba. Safiya ɗaya a mako, ku zo ku zauna kusa da wanda na'ura ta ce wa a'a, ku ce ya ba ku labarin da Hausa. Akwai iyaye irina da suke duba taswirar garuruwan da ba su san kowa ba, alhali tsakaninsu da zama a gidansu kalma ɗaya ce.

Anti, mun gode. Allah ya kai ki Vom lafiya, ya ba ki tsawon rai da ƙafar hawa duwatsunku. Kin koya min in amsa wa na'ura abin da ta tambaya, kuma na koya. In ta tambaye ni ko Kachollom Dung 'yar'uwata ce, a'a zan danna. Amma wannan takarda tawa ce, da Hausa na rubuta ta, kuma babu akwatin dannawa a cikinta. Saboda haka duk wanda ya tambaye ni wace ce ke, zan ce yayata ce. Kada kuma kowa ya tambaye ni wace ce ta haife ki.