An Ba Na'ura Ɗakina

Ina shiga ofis ranar Litinin na tarar da kujerata a baranda, kusa da randar ruwa.

Kamfaninmu na nan Ƙaura yana haƙa rijiyoyin burtsatse har Shinkafi da Zurmi. Da can ni ake tambaya inda aiki ya tsaya a Gurbin Ɓore, da wanda ya kai bututu Kasuwar Daji. Yanzu an kawo wata baƙar na'ura da suke kira saba, Bitrus mai kwamfuta ya ɗora mata manhajar bin ayyuka. Wai bayananmu su zauna a gidanmu, kowa ya duba ta wayarsa.

Ɗakina aka ba ta. An yi fenti, an ja wutar sola, an kafa mata na'urar sanyi. Ni kuwa fankar da na daɗe ina roƙo har yau ba a saya ba.

Na ce wa manajanmu, "Alhaji, ni fa?"

Ya ce, "Yi haƙuri, Malam. Bitrus ya ce ita ba ta jimirin zahi, sai ta mutu."

Na ce, "To ni fa?"

Ya yi dariya. "Kai ai ka saba."

Tun ranar ba wanda ya tambaye ni komai, sai direban da ya ce in matsa ya ɗebi ruwa. Nakan leƙa ta taga in ga fitilunta suna ƙyafta mini ido cikin sanyi. Da digirina da furfurata, yau ƙarfe nake yi wa hassada.

Jama'a, ku gaya mini: da tun farko na nuna musu zafi na iya kashe ni, da yanzu ina ciki?