Langar Yaya Rabi

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Rabi, wadda duk Bahaushen da ya taɓa zama a Lozells ta Birmingham ya sani da Yaya Rabi mai masa. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka makwancinta. Da ba don abin da ya faru ranar Asabar da ta wuce ba, da na yi mata addu'ata a ɗaki na yi shiru kamar kowace shekara. Amma ƙungiyarmu ta iyalan Arewa mazauna Manchester da Birmingham ta kafa benci da sunanta a lambun wani tsohon gidan masu sarauta a karkarar Shropshire, kuma shugaban ƙungiyar, Dakta Bashir, ya kira ni ya ce lallai in zo, sai dai in bar langar a gida. Maganar langar nan ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ni littattafan soyayya ne suka raine ni. A Kano nakan karɓo hayarsu in ɓoye cikin littafin lissafi, kuma a cikinsu duk saurayin da ya isa saurayi sai ya kai masoyiyarsa Ingila, su zauna a lambu, furanni na kaɗawa, marmaro na zuba. Da aure ya kawo ni Gorton a Manchester, sai na tarar da jerin gidajen jan bulo manne da juna, da kwandunan shara a ƙofar kowa, da ruwan sama marar gajiya. Na kira Yaya ina kuka. Ita ta riga ni zuwa da shekaru, tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Jamila, Ingilar littafinki tana nan, a bayan gari suka ɓoye ta. Ki bari a yi hutun makaranta."

Haka fitar ta samo asali. Yaya ta aro bas a cibiyar unguwa da kansil ke ɗaukar nauyi, ta sa mu ma muka aro tamu a Manchester. Su su hauro, mu mu gangara, a haɗu a tsakiya. Ba a tambayar wa ke da mota, wa ke da digiri. Likita da mai goge-goge kujera ɗaya, matan coci 'yan Jos da hajiyoyin Kano kula ɗaya.

Sai dai in faɗi gaskiya, yawancin abin da ake kira wuraren shaƙatawa a karkarar nan abin dariya ne. Mun je gonar da ake yankar tikiti don a shafa kan akuya. Da idona na ga Dakta Bashir, wanda ko garken mahaifinsa ba ya shiga idan ya je gida don kada takalminsa ya ɓaci, yana bin layi zai ba ɗan rago madara a kwalba. Mun je gonar masara da aka yanyanka hanyoyi a cikinta don mutum ya biya ya ɓace. Mun hau jirgin ƙasa mai hayaƙi wanda ba ya zuwa ko'ina, ya kai ka ƙarshen fili ya dawo da kai inda ka taso, da toka a mayafi. Kuma kowane wuri, ƙofar fitarsa ta cikin kanti take, don yara su yi kukan da zai sa a sayi akuyar roba. Yaya takan tsaya tana kallo, ta ce, "Da Inna ta ga wannan, da ta buɗe turkenta ga masu yawon buɗe ido."

Gidan nan na Shropshire ne kaɗai ya tafi da hankalina. Lambunsa shi ne lambun littattafaina, har marmaron. Na tsaya a cikinsa ina waige-waige kamar wani zai fito daga bayan furanni ya kira sunana. Cikin gidan kuwa wani abu ne daban. Gadaje na alfarma da ba mai kwana a kansu, faranti jere a tebur ba abinci, igiya ta tare kowane ɗaki, kuma a kan kowace kujera an ɗora busasshiyar ƙaya don kada baƙo ya kuskura ya zauna. Ban taɓa ganin gidan da ya yi wa baƙo irin wannan maraba ba.

A zuwanmu na farko, da muka shimfiɗa tabarmi a kan ciyawa aka buɗe kuloli, sai Yaya ta ɗauko langarta. Farar langa ce mai jan fure da murfi, daga kayan ɗakin mahaifiyarmu, bakinta ya ɗan ɓare. Ta cika ta da masa mai zafi, ta rufe, ta miƙe.

"An gaida masu gida?" ta tambaya.

"Yaya, ai tikiti muka saya," in ji Dakta.

"Tikiti sallama ne? Mu baje a tsakar gidan mutane mu ci mu sha, ba a kai musu ko loma ba?"

Ta zagaya bayan ginin, ta nufi wata ƙaramar ƙofa mai allo a jikinta. Dakta ya biyo ta da sauri yana rage murya. "Please, Yaya, private aka rubuta a wurin."

"To ai shi ya sa zan ƙwanƙwasa."

Nan take manyanmu suka zama masana bishiyoyi. Kowa ya juya baya yana nazarin ganye, kada a ce tare suke da matar nan mai atamfa da kwano. Ni kuwa na bi ta, don a raina na riga na ga basarake dogo mai shuɗin ido zai buɗe. Wadda ta buɗe wata tsohuwa ce cikin takalmin roba da rigar sanyi mai huji a gwiwar hannu, da gurgun kare a bayanta. Ashe ita kaɗai ce a zuriyar masu gidan ta rage tana zaune a cikinsa. Danginta sun miƙa gidan an mai da shi wurin kallo, aka bar mata 'yan ɗakuna a baya. Kullum jama'a na ratsa ɗakin da aka haifi ubanta suna ɗaukar hoto, ba wanda ya taɓa ce mata sannu. Yaya ta rusuna ta gaishe ta, ta yi mata bayani da Turancinta na aiki, irin wanda take lallashin tsofaffi da shi su sha magani. Tsohuwar ta buɗe murfin, ta shinshina, ta ce mu jira. Da ta dawo ta juye masar, ta cika langar da tuffa na bishiyar bayan ɗakinta, ta ce mahaifiyarta ba ta taɓa mayar da kwano ba komai a ciki ba. Yaya ta dube ni ta ce, "Kin ji ko? 'Yar mutunci ce." Tun daga ranar take kiranta Gwaggo.

A bas muna komawa, Hajiya Nafisa matar Dakta, wadda ke aikin akanta, ta ce abin so embarrassing ne, an mai da mu 'yan ƙauye a idon Turawa. Tana faɗa tana tauna tuffan. Kowace shekara bayan nan haka aka yi: langa ta tafi da masa, ta dawo da tuffa, a yi gunaguni, a cinye.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka shigo. Kansil ta rufe cibiyar unguwarsu, tamu ma ta bi, bas-bas ɗin suka tafi. Zuwa lokacin fitar Yaya ta zama ƙungiya, da shugaba da ma'aji da tambari. Aka zauna a falon Dakta a Old Trafford aka yanke cewa kowa ya zo da motarsa. Ba a kori kowa ba, su ba sa kora. Kawai dai zawarawa da ɗalibai da masu aikin kwana suka wayi gari babu kujera. Maman 'yan biyu ta Lozells, wadda 'ya'yanta ba su san wata ciyawa ba sai ta ranar nan, ta kira motoci huɗu, kowace an ce kujerun yara da kuloli sun cika ta. Yaya ma ba ta da mota. Matar da ta ƙirƙiro tafiyar, ita ma an ce mata a yi haƙuri bana.

Ba ta yi musu da kowa ba. Ta hau jirgin ƙasa da langa a cinya, na tare ta a tashar wani ƙaramin gari, muka jira bas ɗin ƙauye, wanda shi ma an rage masa zirga-zirga har sai mutum ya yi tunanin ko ya daina. Haka muka yi shekara biyu, muna isowa a ƙafa ta gefen titi, muna wuce motocin 'yan'uwanmu a jere suna ƙyalli. Sannan ciwo ya kwantar da ita a lokacin sanyi. A asibiti, ranar da na yi mata ganin ƙarshe, ba ta bar mini wasiyyar zinare ba, don babu. Cewa ta yi, "Kada Gwaggo ta zaci fushi muka yi."

Da hutu ya zagayo na soya masa na tafi ni kaɗai. Masata ba ta kai tata ba, takan ƙone a gefe. Gwaggo ta gan ni ba Yaya, ta gane kafin in buɗe baki. Ta zauna a dakalin ƙofar, sannan ta tashi ta cika langar. Tun daga nan ban fasa ba ko shekara ɗaya.

Yanzu kuma ga benci. Turawan nan suna da al'adar kafa benci da sunan mamaci a wurin da yake so, su kuma manyanmu duk abin da Bature ya yi da katako da allon tagulla yana burge su. Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce. Matar da ban taɓa ganin ta zauna ba a duk fitar da muka yi, kullum tana tsaye tana zuba wa wani, ita aka yi wa kujera. Waɗanda suka rasa mata gurbi a mota tana da rai, su ne suka samo mata wurin zama na dindindin bayan ta mutu. Har anko aka fitar. Dakta ya ce mini a waya manajan gidan zai halarta, da mai ɗaukar hoto, don haka a nuna mu ma mun waye. "Langar nan dai, Jamila, don Allah. Wannan karon official ne."

Ranar Asabar na ɗaure ta a ɗankwali na hau jirgi. Na iso Dakta na tsakiyar jawabi, yana bayyana yadda marigayiya ta gina gada tsakanin al'ummu. An zagaye bencin da jan ƙyalle ana jiran almakashi. Hajiya Nafisa ta hango ƙullin da ke hannuna ta haɗe rai. Na wuce su na zagaya baya.

Na ƙwanƙwasa, shiru. Na sake. Gwaggo ta tsufa ƙwarai, kuma kowace shekara a ƙofar nan nakan tsaya da tsoron baƙuwar fuska ce za ta buɗe. Can na ji jan ƙafa da ƙarar sanda. Da na gaya mata abin da ake yi a lambu, ta ce a ba ta hularta. Muka taho a hankali tana dafe da kafaɗata. Tafiyar ta gajiyar da ita, don haka da muka iso ba ta nemi izinin kowa ba, ta ture jan ƙyallen da sanda ta zauna a kan bencin. Ta karɓi langar ta ɗora a cinya, ta buɗe, ta fara cin masa da hannu. Dakta ya taho zai yi magana, sai ya ga manajan gidan ya cire hula yana rusuna mata.

Ban taɓa ganin fuskoki sun sauya da sauri haka ba. Kafin ƙiftawar ido an kewaye bencin, kowa na neman shiga hoto. Dakta na gaya wa manaja cewa zumuncinmu da gidan nan ya daɗe. Hajiya Nafisa ta sunkuyo tana shafa murfin langar, tana bayyana wa mai hoto cewa wannan wata kyakkyawar al'adarmu ce ta gargajiya. Gwaggo ta dube su ɗaya bayan ɗaya, mutanen da suka fi shekara goma suna cin abinci a ƙarƙashin tagarta, sannan ta juyo gare ni ta tambaya da ƙarfi irin na wanda kunnensa ya yi nauyi:

"Su wane ne waɗannan?"

Ba wanda ya fassara wa kowa, don kowa ya ji. Ta ƙara da tambayar ina 'yan biyun nan masu gudu suna tsallake furanninta, ta daɗe ba ta ji hayaniyarsu ba. Dakta ya duba wayarsa.

Bencin yana da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Masu yawon buɗe ido za su zauna a kansa su ci burodinsu mai sanyi, su karanta sunan da ba za su iya furtawa ba, har ruwan ƙasar nan ya cinye katakon. Ban ga Yaya a jikinsa ba. Inda na gan ta shi ne a ƙofar baya da yamma, lokacin da Gwaggo ta kira jikar ƙanenta da ke kula da ita, ta nuna mata langar, ta nuna mata bishiyar, ta ce ko ba ta nan baɗi, idan aka ƙwanƙwasa a buɗe, kuma kada kwanon ya koma ba komai a ciki.

Ban wuce Manchester kai tsaye ba. Na sauka Birmingham na kai tuffan Lozells, gidan Maman 'yan biyu. Yaran sun zama samari, muryarsu ta buɗe, suna Turancin Birmingham da ni kaina sai na kasa kunne. Na gaya musu akwai tsohuwar da ke cigiyarsu. Sun ce baɗi za su riƙe mini langar a jirgi.

Na wanke ta na kife a kan kabad. Allah Ya gafarta wa Rabi, Ya buɗe mata ƙofa kamar yadda ta ƙwanƙwasa ta wasu.