Mai ci ba ya tashi

Kakana na wajen uba sarkin dara ne, tun kafin Turawa su shigo Kano. Ba sarautar fada ba ce. 'Yan majalisarsu ne suka ba shi, su goma sha wani abu da ke zama a gindin wani durumi bayan marina. Ni ban ga zamanin ba. Kakata ce ta ba ni labarin, kuma ko sau ɗaya ban ga ta ba da shi da fara'a ba.

Ta ce marini ne, hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu. Yana saurayi yakan tsaya a bayan masu wasa ya yi ta kallo, ba ya cewa uffan. Ranar da ya fara zama, wani mahauci ne ke riƙe da wurin shekara da shekaru. Ya cinye shi sau uku a jere, mahaucin ya kwashe tsinkayensa, ba a ƙara ganinsa a gindin durumin ba. Daga nan labari ya bi fatake. Ana zuwa daga Zazzau, ana zuwa daga Katsina. Wani Buzu ya sauke raƙumansa kwana uku saboda shi kaɗai, ya tafi bai ci ko ɗaya ba. Rini kuwa kakan nawa ya bar wa ƙannensa.

Dokar majalisar ɗaya ce. Wanda aka ci shi ke tashi ya ba na baya wuri. Mai ci ba ya tashi, sai in salla ta yi ko rana ta faɗi. Ka miƙe ba a ci ka ba, ka raina masu jira ke nan, kamar ka ce musu ba su isa ba. Shi kuwa ba a cin sa.

Wata rana da hantsi ciwon mahaifiyarsa ya tashi, ta ce a kira mata shi. Aka aika. Ya ce yana zuwa, baƙo ne a gabansa. Aka sake aikawa, ya ce saura mutum biyu. A na uku ko kai bai ɗaga ba. Da aka kira azahar ya shigo gida da sauri yana kakkaɓe riga, ya tarar an lulluɓe ta.

Ba wanda ya zage shi. Abin da suka yi masa shi ne, ba wanda ya ƙara zama a gabansa. Kullum ya je ya share wurin, ya tona gurabe, ya jera tsinke da tsakuwa, mutane su gaishe shi su wuce. Haka sarautar ta ƙare, ba a taɓa cin sa ba.

Na riske shi ina 'yar shekara shida ko bakwai. Ya tsufa tukuf, ido ya tafi. Yana zama a zaure yana tona ƙasa da babban yatsa, layi-layi, duk wanda ya ji motsinsa sai ya ce, "Zauna." Ni ma ya sha ce mini. Da gudu nake wucewa. A gidanmu ba a haƙa gurbin dara, kuma da na haifi nawa ban ba ko ɗayansu wannan labarin ba. Gani nake in ban faɗa ba, abin ba zai san hanya ba.

Bayan rasuwar maigidana babban ɗana ya ɗauke ni zuwa Guangzhou, can ƙasar Caina. Aikinsa tura wa 'yan kasuwa kaya gida, ni kuma ina dafa musu abinci a wani bene a unguwar Xiaobei, tuwon shinkafa da miyar kuka da ake kawo mini a jaka daga Kano. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ba na kuma jan magana da shi a gaban mutane. Haka aka tashe mu. Lokacin ya haura arba'in, da mata da 'ya'ya huɗu a gida.

Shekarar da 'yan Caina suka yi gasar Olamfik komai ya tsaya mana. Biza ta yi wuya, baƙi suka daina zuwa, waɗanda ke nan kuma in takardarsu ta ƙare sai sun koma gida sun sabunta. Tukunyar da nake ɗorawa sau biyu ta koma sau ɗaya, ita ma da saura. Shi kuma ya rasa abin yi. Sai na lura yana fita da safe ba ya dawowa cin rana.

Wani Alhaji ɗan Maraɗi da ke ci a wurina shi ya fasa mini. Yana suɗe yatsa ya ce, "Hajiya, ba ki da labari? Ɗanki ya zama lawban a ƙarƙashin gada."

Lawban shi ne maigida a bakinsu. Na ce, "Shagon me ya buɗe?"

"Shagon kuka. Tsofaffin Caina yake sa wa hawan jini. Darar nan tasu, wata biyu kacal ya yi yana kallo, yanzu layi suke bi yana yi musu aski ba ruwa."

Ludayin na hannuna, na ajiye shi.

Washegari na bi ta can da sunan cefane. A ƙarƙashin gadar sama ta titin Huanshi Lu akwai wata inuwa, tsofaffi a kan 'yan kujeru, riga naɗe har ƙirji saboda zafi, kowa da gorar shayinsa. Darar tasu ba rami ba ce. Allo ne mai layuka, da 'yan katakai masu zagaye kamar ƙuli-ƙuli, wasu da jan rubutu wasu da baƙi, in za su ci sai su buga da ƙarfi. Na haye gadar ƙafa na tsaya ina kallo daga sama. Ban san wasan ba, har yau ban san shi ba, amma ina da ido. Na ga a sauran allunan mutum yana ci ya miƙe ya tafi sayen taba, wani ya ci ya tafi gida abinsa, ba mai ce masa komai. Su ba su da dokar. Nawa ne kaɗai ba ya motsi. A ci gaba da canza masa mutane, shi yana nan, kafaɗa ɗaya a karkace.

Da ya dawo na zuba masa abinci na ce, "Wurin nan da ake zama, a rage."

Ya ce, "Inna, zaman banza ne ya yi yawa. Ba caca muke ba."

"Ban ce caca ba. Me ya sa in an ci ba a tashi?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ake alwala. "Ai mai ci ba ya tashi, Inna. Ko a majalisar unguwa haka ne."

Na so in ba shi labarin a lokacin. Amma sai na tashi na koma kan tukunya.

Bizarsa ta zo ƙarshe a cikin watan gasar. Tawa da saura, don ni daga baya na shigo. Ya sami jirgi a ranar ƙarshe cif, wanda in ya wuce shi, gari na wayewa ya zama mai laifi. Na ga irinsu da yawa a benenmu, magidanta da iyali a gida, sun koma ba sa leƙa titi, ko ƙofa aka ƙwanƙwasa sai su tsure. Jirgin na yamma ne, dole a bar gida da azahar.

Da safe ya ɗaure jakarsa, ya sa fararen kaya, ya ce zai je ya yi wa tsofaffin sallama. Na ce a yi daga tsaye. Ya yi dariya.

Azahar ta yi. Alhajin Maraɗi ya zo don ya raka shi filin jirgi, na ce ya je ya kira shi. Ya dawo yana goge gumi. "Ya ce yana zuwa, Hajiya. Wai sun ce sai ya yi na bankwana."

Muka jira. Na sake tura shi. Wannan karon ba ya dariya. "Ya ce saura mutum biyu."

Ban tsaya aike na uku ba. Na ja mayafi na sauka.

Sun yi masa zobe, sun kai ashirin. Na ratsa su na tsaya a kansa. A gabansa wani tsoho ne siriri, gashi fari fat, da tabarau ɗaure da zare. Na ce, "Lokaci ya yi."

Bai ɗago ba. "Inna, ba a ci ni ba."

"To a bari a ci."

Sai ya ɗauki wani katako ya ajiye shi a inda har ni na gane ba wurinsa ba ne, don gaba ɗaya wurin aka yi guna-guni. Ya ba da kansa ke nan. Na ji sanyi a raina.

Tsohon ya kalli allon, ya kalle shi, ya girgiza kai yana murmushi. "Meyo, meyo," wato babu, ba haka ba. Ya sa yatsa biyu ya mayar masa da katakon inda yake. A wurinsu wannan karamci ne, in gwani ya yi tuntuɓe sai a ɗaga masa ya sake. Ɗana ya sake ajiyewa a wurin banza. Tsohon ya sake mayarwa, har yana dafa masa hannu, yana nuna masa ya natsu, ba sauri. Sauran suna ta gyaɗa kai. Shi ba zai tashi ba sai an ci shi, su kuma ba za su karɓi cin da bai halatta ba. Sai na ga ɗana ya gyara zama. Idonsa ya koma kan allon, irin kallon da ba ya ganin kowa, hannunsa ya nufi katakon da ya dace.

A nan na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa ɗa ba. Ban ɗaga murya ba. Na kira sunansa, karo na farko tun da na haife shi, na ce, "In ka ɗaga katakon nan, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Hannun ya tsaya a sama. Alhajin Maraɗi ya ce, "Subhanallahi, Hajiya." Tsofaffin ba su ji abin da na ce ba, amma duk suka juyo suna kallona. Ɗana ya miƙe a hankali, kujerar ta faɗi, bai ɗaga ta ba. Bai yi wa kowa sallama ba, har ni. Alhajin ya ce mini ana shirin rufe ƙofa suka isa, kuma tun daga Xiaobei har filin jirgi bai buɗe baki ba.

Bai ƙara samun komawa ba. Yana Kano, yana da shagonsa, yana gaishe ni kullum da safe a durƙushe. Na janye maganar tun a waya, ya ce ba komai. Ba mu ƙara tayar da ita ba.

Ni na yi wata uku a can bayansa. Na canza hanyar cefane, amma wata rana ruwan sama ya kora ni ƙarƙashin gadar. Tsohon mai tabarau ya hango ni, ya taso da sauri kamar dama jirana yake. Ya zaro wata takarda daga aljihun riga, a ninke cikin leda, ya miƙo mini da hannu biyu yana nuna sama, yana kwaikwayon jirgi. Ban yi boko ba, rubutun kowa ban sani ba balle nasu. Amma da na buɗe na gane. Allon ne ya zana da biro, da kowane katako a inda aka bar shi ranar. Ya kewaye gefen ɗana da ja, alamar shi ke da wasa.

Na karɓa, don ba a mayar wa dattijo hannu. Tana ƙasan akwatina, ƙarƙashin farin yadin da na tanada wa kaina. Saƙo ne, amana ce, na sani. Ban ba shi ba, na kuma kasa ƙona ta. Duk ranar da ya shigo ɗakina ya zauna kusa da akwatin, sai na sami abin da zan aike shi.