Idon Aro a Bakin Tanda

A unguwar bayan tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda, in ka ce kazar Rekiya ba sai ka ƙara bayani ba. Mijinta direban motar hatsi ne, ya rasu ya bar mata ɗiya biyu mata da wani tsohon duro. Duron ta kai wa maƙeri ya fasa masa ƙofa ya zama tanda, gawayi a ƙasa, gawayi a bisa. Da shi ta ci da marayunta har ta aurar da su.

Cinya da fiffike kowa ma ya gasa. Ƙirji ne mai kunyata mutum. Wuta ta yi yawa, waje ya yi ja ciki ɗanye. Ta yi kaɗan, ka yi ta jira har nama ya bushe kamar tsumma. Rekiya bayan hannunta take kaiwa bakin tanda ta ji ko zafi ya yi daidai. In ta ga alamar nuna, sai ta soka tsinke inda tsoka ta fi kauri. Ruwa ya fito fari, a sauke. In da ja-ja, a mayar.

Ana nan sai yanar ido ta fara rufe mata gani. Hannu na nan da saninsa, amma fari da ja-ja suka zame mata abu guda. Ta yi gum da bakinta, don wa zai ba makauniya kajin biki? Mutum ɗaya ta gaya wa, Karima maƙwabciyarta, wadda suka yi tallan fura tare suna yara. Kullum Karima ta shigo da sunan hira, Rekiya ta soka tsinke ta ce ƙasa-ƙasa, "Aminiya, mi kika gani?" Karima ta faɗa. Ƙundun kaza kuwa na Karima ne, ko wa ya taya ba a sayarwa.

Da Hajiya Lami, matar wani dillalin shanu a Shinkafi, za ta aurar da ɗiyarta, sai ta ba Rekiya aikin kajin. Ranar bikin, tanda ta cika maƙil, zafi ya ja baya, hannun Rekiya ya gaya mata haka.

"Ni dai raina bai kwanta ba," in ji ta. "Duba da kyau."

"Fari tas, kamar ruwan randa," in ji Karima. "Sauke kada ya bushe."

A gaban dangin ango da suka zo daga Zurmi aka ɓare ƙirji, sai ga jini-jini a jikin ƙashi. Aka juyo da kajin cikin keke napep, da saƙon Hajiya Lami: in ido ya gaza, a bar wa masu gani sana'a. Rekiya ta yi kuka har ta gode Allah. Amma kai, Rekiya baiwar Allah! Ko tambayar kanta ba ta yi ba wa ya kai labarin idonta Shinkafi. Har uzuri ta yi wa Karima, wai ita ma shekaru sun fara taɓa mata gani.

Masu aiko kaji suka ɗauke ƙafa. Wata safiya Rekiya ta yanka 'yar kazarta ta gida ta dafa, ta sa ƙundun a kwano ta nufi katanga za ta miƙa kamar kullum. Sai ta ji ƙamshin gawayi da yaji, ta ji ƙarar ƙofar duro daga gidan Karima. Ta tsaya. Muryar Karima ce, tana koya wa surukarta.

"Soka inda ya fi kauri. Kin ga ja-jan nan? Ni daga nan bakin ɗaki ina hango shi. Mayar, kada ki kunyata mu wurin Hajiya Lami."

Ashe idon Karima garau yake, ranar bikin ma garau yake. Zuciyar Rekiya ta yi baƙi, ba don kasuwar ba, don tambayar nan da ta riƙa yi da yarda. Ta koma ta zauna bakin tandarta mai sanyi, ta cinye ƙundun ita kaɗai.